Bayan an daina batirin zaiba: da me za a kunna ma'aunin hasken tsohuwar kyamara?

Duk wanda ya gaji kyamarar fim ta shekarun 1960 ko 1970, ko ya saye ta a hannun mai tsohon shagon hoto, ba ya daɗewa sai ya ci karo da matsalar batir. Zai sa kwabo ya warware ɗan murfin da ke ƙasan kyamarar, ya tarar da gurbi mai faɗin kusan milimita 16, wani lokaci ma da tsohon batir a ciki wanda aka rubuta wa PX625 ko PX13 ko MR9. Sunaye uku ne na abu ɗaya, wato batirin zaiba mai ƙarfin bolt 1.35, wanda a yau ba a samunsa a kantunan da ke bin doka. Da shi aka tsara Minolta SR-T 101 da Rollei 35 na 1966, da Nikkormat FTn ta 1967, da Canon FTb da Leica M5 na 1971, da Olympus OM-1 da Canonet QL17 G-III na 1972, da wasu da dama waɗanda har gobe suna ɗaukar hoto lafiya lau.

Samuel Ruben ne ya ƙirƙiro wannan batir a Amurka a 1942, kamfanin Mallory, wanda daga baya ya zama Duracell, ya yaɗa shi a duniya. Ƙasashen Turai sun fara taƙaita shi a 1991, Amurka ta kafa dokar hana sayar da ƙananan baturan zaiba a 1996, sannan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta ɗauki sunan garin Japan da gubar zaiba ta nakasa mutanensa, ta ƙarasa rufe ƙofar. Ni dai ina ganin hanin ya dace, domin batir ne da ake jefarwa a bola, zaibar da ke cikinsa kuma ta ƙare a ƙasa da ruwan sha. Saboda haka ban sa ragowar tsoffin baturan da wasu ke tallatawa a intanet cikin abin da za a zaɓa ba, ko da kuwa suna da sauran rai.

Kafin a kwatanta magadansa, dole a san abin da ya sa kowane batir mai girmansa ba zai maye gurbinsa ba. A cikin waɗannan kyamarori akwai wata 'yar ƙwaya da ake kira CdS, wadda take tare wuta a cikin duhu, ta riƙa sakinta gwargwadon yadda haske ya ƙaru. Wutar batir tana ratsa ƙwayar ta je ta motsa allurar da mai ɗaukar hoto yake gani a tagar leƙe, kuma da wannan allura yake sanin saurin shota, wato labulen da yake buɗewa haske ya faɗa kan fim, da buɗin ƙofar haske. Injiniyoyin wancan zamani ba su sa wa yawancin kyamarorin na'urar daidaita wuta ba, domin batirin zaiba ya ɗauke musu wannan nauyi: yana ba da bolt 1.35 tun ranar da aka sa shi har dab da mutuwarsa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Ke nan abu biyu ake nema ga duk wanda zai gaje shi, ƙarfin da ya dace da kuma tsayuwa a kan wannan ƙarfi, kuma na biyun ya fi na farkon muhimmanci, domin kuskuren da ba ya canzawa ana iya gyara shi, amma wanda yake sauya fuska kowane mako babu dabarar da za ta kama shi.

Tambayar farko ita ce ko kyamarar ma ta damu da wannan bambanci, domin akwai waɗanda bai shafe su ba. Pentax Spotmatic ta 1964 tana da tsarin waya mai reshe biyu da ake gwada ɗaya da ɗaya, allurarta tana neman tsakiya ne kawai, don haka idan wutar batir ta ƙaru, rassan biyu suke ƙaruwa tare, tsakiya kuma ba ta gusawa. Mai irin wannan kyamara zai sa batirin azurfa mai lamba 387S a gurbin tsohon batirin zaibarta mai lamba PX400 ya ci gaba da aikinsa. Canon EF ta 1973 tana da nata abin daidaita wuta a ciki. Yashica Electro 35 kuwa, wadda aka yi wa dogon batir PX32 mai bolt 5.6, tana karɓar 4LR44 mai bolt 6 idan aka cike tsawon da ya rage da adafta. Waɗannan ba su da wata doguwar magana. Wahalar tana ga OM-1 da SR-T 101 da FTb da Canonet da danginsu, waɗanda allurarsu take bin ƙarfin batir kai tsaye.

Abin da aka fi saurin miƙa wa mai neman PX625 shi ne batirin alkalin mai lamba 625A ko LR9 ko V625U. Siffarsa ɗaya da ta asali, yana shiga gurbin daram, murfi ya rufe, allura ta motsa, mutum ya ɗauka ya gama. A ganina shi ne mafi rauni a duk zaɓin da ake da su, kuma dacewar siffar tasa ce take ruɗin mutane. Yana farawa da bolt 1.5 ko ɗan sama da haka, sai yawancin kyamarorin su ɗauka haske ya fi yadda yake, su ba da shawarar a rage, hoto ya fito da duhu, wani lokaci da mataki ɗaya ko fiye, wato rabin hasken da fim yake bukata ko ƙasa da haka. Daga nan ƙarfinsa zai yi ta sauka a hankali, ya ratsa 1.35 na ɗan lokaci inda awo zai yi daidai, ya wuce ƙasa inda kuskuren zai juya ɗaya ɓangaren. Tamkar mai awon hatsi ne da mudun da yake canza girma ba tare da an sani ba. Ga shi kuma alkalin ya fi saurin zubar da ruwa idan an manta da shi a cikin kyamara. Amfaninsa ɗaya shi ne a gwada ko ma'aunin yana da rai kafin a biya kuɗin kyamara.

Wasu suna cewa a sauya lambar ASA, wato lambar da ke nuna saurin kama hasken fim, a kan kyamara don a rama kuskuren, misali a sa 200 alhali fim ɗin 400 ne. Dabarar tana aiki a irin hasken da aka gwada ta kaɗai, domin kuskuren ba ɗaya ba ne a ko'ina: yakan fi girma a tsakar rana, ya ragu a inuwa ko cikin ɗaki. Wanda ya daidaita a filin Idi da hantsi zai ga awon ya kauce idan ya shiga zaure.

Batirin azurfa, wato SR44 da ake kuma kira 357, da ƙanensa SR43 ko 386, yana da halin da ake so na tsayuwa wuri ɗaya har ƙarshen ransa, kuma yakan kai shekara ko fiye a cikin kyamara. Aibinsa shi ne wurin da yake tsayuwar bolt 1.55 ne, ya ɗara na zaiba da 0.2, kusan kashi 15 cikin ɗari ke nan. Idan aka sa shi haka nan, kuskure yana nan, sai dai bai sauyawa da kwanaki. Shi ya sa hanyoyi biyu mafi inganci da za su zo a gaba duk a kansa aka gina su. A nan akwai abin lura ga mai saye a teburin masu gyaran agogo: harafin L a farkon lamba yana nufin alkalin, S kuma azurfa, kuma arhan baturan nan da ake sayarwa a kati da lamba AG13 ko A76 alkalin ne, ko da an jera 357 a cikin lambobin da aka buga a jikin katin. A duba SR a jikin batirin kansa.

Zaɓin da ya fi kusa da zaiba ta fuskar wuta shi ne batirin na'urar taimaka wa ji, mai aiki da tutiya da iska, lamba 675, wanda ake ganewa da shuɗiyar takardar da aka manna masa. An rubuta masa bolt 1.4 ko 1.45, amma da zarar ya fara aiki yakan zauna kusa da 1.35 ko ɗan ƙasa kaɗan, ya kuma tsaya a nan har ya mutu, saboda haka allura tana faɗin gaskiya ba tare da an taɓa komai a cikin kyamara ba. Yana da arha, ana sayar da shi shida-shida a kati, kuma ana samunsa a manyan kantunan magani da wuraren da ake sayar da na'urar ji. Kada lamba ta ruɗi mutum: batirin kunne mai lamba 13 da takarda ruwan lemo ƙarami ne ƙwarai, ba shi da alaƙa da PX13.

Matsalolinsa biyu ne. Ta farko girma: faɗinsa milimita 11.6 ne, don haka yana yawo a gurbin PX625, sai an sa masa zobe ya riƙe shi a tsakiya. Zoben roba irin na masu gyaran famfo ya isa idan kyamarar tana ɗaukar wuta ta murfi da ƙasan gurbi, amma akwai waɗanda suke ɗauka ta gefen batir, waɗannan kuwa sai zoben ƙarfe ko kwanson tagulla mai siffar PX625. Kyamarorin da aka yi wa ƙaramin batirin zaiba PX675, irin su Konica Autoreflex T da take cin guda biyu, ba su da wannan damuwa, domin girman ɗaya ne, kuma a wurinsu batirin kunne shi ne mafita mafi sauƙi nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu ta fi nauyi, ita ce gajeren rai. A bayan batirin akwai ƙananan huji, iskar da take shiga ta nan ita ce rabin sinadarin da yake aiki da shi. Da an ɓare takardar, a jira minti ɗaya ko biyu ya sha iska, to daga nan ya fara mutuwa, ko ana amfani da shi ko an ajiye kyamarar a akwati, domin ruwan da ke cikinsa yana bushewa ta waɗannan hujin. Yakan yi makonni zuwa 'yan watanni kaɗan, kuma busasshiyar iska tana gaggauta ƙarshensa, abin da ya shafi duk mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Damagaram daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu yake tsotse laimar komai. Masu dabara suna toshe wasu hujin da ɗan salatif su bar ɗaya, tunda ma'aunin haske wuta kaɗan yake ja, ko su mayar da takardar idan sun gama aiki, kuma hakan yana ƙara masa kwana. Batirin Wein Cell mai lamba MRB625 wannan dabarar ce aka yi a masana'anta: tutiya da iska ne, an rage masa shigar iska, an ɗaura masa zoben ƙarfe don ya cika gurbin. Ya fi batirin kunne daɗewa, amma guda ɗaya yakan fi kati guda tsada, kuma shi ma bushewa yake yi. Ban ga dalilin da zai sa a yi odarsa daga waje ba alhali 675 da zobe suna yin aikin.

Akwai kyamarori biyu da gajeren ran nan yake cutarwa fiye da sauran. A Rollei 35 da Leica CL ta 1973, gurbin batir yana cikin ɗakin fim ne, ba a kai wa gare shi sai an cire bayan kyamara. Idan batir ya mutu ana hoto na goma cikin 36, babu halin canzawa sai an ƙare fim ɗin. Masu waɗannan biyun su nemi hanyar azurfa tun farko.

Hanyar azurfa ta farko ita ce adaftar MR-9, wadda kamfanin C.R.I.S. a Amurka da Kanto Camera a Japan suka yi suna da ita. Kwanso ne mai siffar PX625, ana sa masa SR43 a ciki, kuma a gindinsa an ɓoye wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da ake kira dayod wanda yake cinye kusan bolt 0.2, sai abin da ya isa kyamara ya zama kusan 1.35. Sau ɗaya ake saye, ana iya ɗauke ta daga wannan kyamara zuwa waccan, ba a huda komai ba a liƙa komai, batirin kuma yana daɗewa. An fi so a sa mata SR43 mai kaurin milimita 4.2, domin SR44 mai 5.4 yakan hana murfin wasu kyamarori rufewa. Iyakarta ita ce yawan wutar da dayod yake ragewa ya danganta da yawan wutar da ake ja, don haka ta dace da ma'aunin allura mai cin wuta kaɗan, ba ta dace da na'urar da take kunna fitila ko motsa shota da batir ba. Kuma idan aka sa mata alkalin an ɓata kuɗi, domin dayod ragewa yake yi, ba ya tsayar da wutar da take sauka.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan fanni shi ne yadda ake sayar da kwanson tagulla zalla, wanda babu komai a cikinsa, da sunan MR-9. Kwanson ba laifi ba ne, shi ne ma abin da batirin kunne yake bukata, amma wanda ya sa masa azurfa yana zaton an rage wuta zai ɓata fim bayan fim bai san dalili ba. Farashi mai arha ƙwarai alama ce ta farko. Gwaji da mitar auna wuta kuma yana da tarko: mitar zamani kusan ba ta jan wuta, saboda haka ko adafta ta gaskiya ce za ta nuna lamba kusa da 1.5. Sai an haɗa resista mai kimanin om 10,000 tsakanin ɓangarorin biyu, abin da kowane mai gyaran rediyo yake da shi a akwatinsa, sannan ta gaskiya za ta sauko wajen 1.35, kwanson banza kuma ya tsaya a 1.55.

Hanya ta biyu ita ce a gyara kyamarar da kanta. Ko dai a buɗe ƙasanta a liƙa dayod irin BAT83 ko 1N5711 a kan wayar da ta fito daga gurbin batir, ko kuma ƙwararren mai gyara ya sake saita ma'aunin ya dace da bolt 1.55. Saitin ya fi liƙa dayod, a nawa ra'ayi, saboda wani dalili da ake yawan mantawa: ƙwayar CdS da ta shekara hamsin tana iya gajiya, ta yadda ko an samo mata 1.35 cif awonta ya riga ya kauce, kuma mai saiti yana gyara kuskuren biyu a zama ɗaya. Sharaɗin shi ne mai gyaran ya kasance yana da tushen haske da aka san ƙarfinsa wanda zai gwada da shi a matakai daban-daban. Wanda ba shi da wannan, komai iya hannunsa a gyaran waya, kada a ba shi ya juya maɓallan cikin kyamara da ka. Bayan gyara, kyamarar ta zama ta azurfa har abada, don haka a manna 'yar takarda a cikin murfin batir da ke faɗin haka, domin wanda zai gaje ta kada ya ƙara mata MR-9 ya rage wuta sau biyu.

Akwai kuma wanda zai bar gurbin fayau. OM-1 da SR-T 101 da FTb da Nikkormat FTn da M5 da Rollei 35 duk shotarsu ta sifirin ce, batir ma'auni kawai yake kunnawa. Canonet ma tana ɗauka babu batir idan an cire ta daga A, wato saitin da take yi da kanta, an saita da hannu. Ana iya auna haske da manhajar wayar hannu, ko a bi tsohuwar ƙa'idar masu hoto: a rana tsaka mai haske a sa ƙofa a f/16, saurin shota kuma ya yi kusa da lambar fim, wato 1/125 ga fim mai ASA 100, a riƙa buɗewa mataki-mataki yayin da gajimare ko inuwa ta ƙaru. Wannan ba ya cin ko sisi, amma yana rage sauri, kuma a wurin biki ko hawan sallah inda abu yake wucewa cikin ƙiftawar ido, allurar da ke cikin tagar leƙe tana da ranarta.

Nau'in fim ma yana da ta cewa. Fim ɗin nagetif, mai launi ko baƙi da fari, yana jure ƙarin haske sosai amma ba ya jure ƙarancinsa, kuma abin takaici ɓangaren ƙaranci ne sabon alkalin da azurfa zalla suke tura awo. Fim ɗin silaid, wanda ake haska hotonsa kai tsaye da majigi, irin Velvia ko Ektachrome kuwa ko rabin mataki yana bayyana a jikinsa. Saboda haka mai ɗaukar fim biyu ko uku a shekara, a lokacin sallah ko bikin dangi, ya sayi katin 675 da zobe, ya ɓare sabo duk lokacin da zai loda fim, ya cire idan ya gama. Mai fita da kyamara kowane mako, ko mai kyamarori da yawa masu gurbin PX625, MR-9 ta gaskiya da SR43 za su fi masa sauƙi da arha a tsawon lokaci. Mai kyamara ɗaya da yake ji da ita, musamman idan silaid yake ɗauka, ko kuma dama tana bukatar wanki da sabon soson tare haske, ya haɗa da saitin 1.55 a gyara ɗaya.

Kowace hanya aka bi, a fara da tsabtace gurbin. Farin gari ko koren tsatsa da tsohon batir ya bari ana goge shi da auduga da aka ɗan jiƙa da ruwan khal, a bi da sifirit, a bari ya bushe, kuma idan allura ta ƙi motsi bayan haka, sau da yawa tsatsar ce ta bi waya ta cinye ta daga ciki, abin da aka san OM-1 da shi. Tsohon batirin zaiba da aka ciro kada a jefa shi a wuta ko kusa da rijiya, a naɗe shi da salatif a rufe a kwalba nesa da yara, domin ƙananan batura irin waɗannan suna da haɗari ƙwarai idan yaro ya haɗiye. Sannan kafin a loda fim mai tsada, a nufi bango guda mai launi ɗaya da kyamarar da kuma wani ma'auni da aka amince da shi, a gwada a rana, a gwada a inuwa, a gwada a cikin ɗaki. Idan bambancin bai wuce rabin mataki ba a wuraren uku, a loda fim. Idan ya yi daidai a ɗaki ya kauce a rana, wutar ce ta yi yawa, a koma kan batir. Idan kuwa ya kauce a ko'ina alhali mita ta nuna 1.35, ƙwayar CdS ce ta gaji, sai a kai wa mai gyara.